Gwangwani na Tara

Sati biyu da binne mahaifiyarsu, Krina Poppe da yayanta Rinus suka koma gidan don kwashe tarkacen ɗakin da ke ƙarƙashin rufi. An riga an sami mai sayen gida, ya kuma ce a ba shi makulli kafin ƙarshen Afrilu. Shekarar 1984 ce. Krina tana da shekara hamsin da uku, talatin daga ciki ta yi su ne tana aikin jinya a asibitin garinsu, Sandekerke. Rinus ya girme ta da shekara huɗu, tsohon bakaniken jirgin fito ne, gwiwarsa ta hagu ta daina lanƙwasuwa, don haka shi ya tsaya a tsakiyar tsani yana karɓa, ita tana miƙo masa.

Sun sauke keken ɗinki, da akwatin labule, da takalman katako da babu wanda ya san mai su. Can bayan bututun hayaƙi Krina ta ɗaga wani tsohon tamfol, sai wani wari ya buge ta, irin na safar da ta kwana uku a cikin takalmi. Gwangwanaye ne masu faɗi kamar faranti, irin na ajiye zaren fim, guda tara, an jera su ɗaya kan ɗaya, duk sun yi tsatsa.

"Rinus, hawo ka gani."

"Da wace gwiwar? Miƙo kawai."

Ta miƙa masa na sama. Ya goge ƙurar da hannun rigarsa, ya ga rubutun mahaifinsu. Takwas daga ciki rubutun hannu ne, da shekaru a jiki, daga 1923 zuwa 1929. Na tara, wanda yake can ƙasa, takardarsa bugun inji ce da Jamusanci, ga hatimin mikiya na gwamnatin Jamusawa, ga 1942.

Mahaifinsu, Leunis Poppe, mai rubuta allunan shaguna ne. Yana saurayi ya kamu da son zane mai motsi, ya harhaɗa kyamara a kan teburin kicin, yana zanawa yana ɗauka hoto ɗaya bayan ɗaya, ana nuna abin da ya yi a silimar gari kafin a sa babban fim. Krina ba ta taɓa gani ba, don kafin a haife ta an fara finafinai masu magana, nasa sun kwanta. Abin da ta sani shi ne na baya. A shekara ta biyu da mamayar Jamusawa wani jami'i ya zo gidansu sau uku, mahaifinsu kuma ya rufe kansa a ɗaki wata biyar yana zane. Da yaƙi ya ƙare hukuma ta zo ta tafi da shi bisa zargin yi wa Jamusawa aiki, aka tsare shi wata huɗu, aka sake shi ba tare da shari'a ba. Bai sake zana ko tsuntsu ba har ya mutu a 1951.

Maganar da ta zagaya gari ita ce fim ɗin cin mutuncin Yahudawa ya zana musu. Babu wanda ya ce ya gani da idonsa, kowa "an ce" yake faɗa, amma an faɗa a layin burodi, an faɗa a ƙofar coci, an faɗa wa Krina a filin makaranta. Ita kuwa benci ɗaya take zama da wata yarinya, Roosje van Os, Bayahudiya 'yar mai shagon yadi, har ranar da Jamusawa suka kwashe su duka gidan a jirgin ƙasa, babu wanda ya dawo. A gidan Poppe ba a tambaya. Mahaifiyarsu ta kai shekara tamanin da biyar ba ta taɓa buɗe baki kan zancen ba.

Suka sauko kicin da gwangwanayen. Rinus ya zauna ya miƙe ƙafa.

"Yau da yamma ruwan teku zai janye," ya ce. "In sa su a buhu da duwatsu biyu, in wurga daga kan madatsa. Shi ke nan."

"Ba ka son ka san abin da ke ciki?"

"Na sani. Duk garin nan sun sani."

"Ba ka sani ba. Ji ka yi, kamar yadda na ji."

"To idan aka buɗe aka ga abin da ake faɗa fa, Krina? Yanzu ko ba komai muna iya cewa wataƙila ƙarya ce. In kika gani da idonki, da me za ki kwana? Ke kullum sai kin ɗaga bandeji kin leƙa. Aikin asibiti ya lalata ki."

"Kai kuma injin jirgi ya toshe maka kunne."

Ba su daidaita ba. Da ya shiga bayi, Krina ta kwashe gwangwanayen ta zuba a but ɗin motarta ta tafi gida.

Washegari ta buga waya gidan adana finafinai na ƙasa. Aka haɗa ta da wata mata, Hedda Lansink, wadda ba ta bari ta gama bayani ba.

"Madam Poppe, ina suke yanzu?"

"A but ɗin mota."

"Motar tana rana?"

"Tana ƙofar gida. E, akwai rana."

"Ki ajiye wayar nan ki je ki fitar da su. Ki kai su inuwa, can ƙarshen lambu, nesa da gida. Kada wani ya sha taba kusa da su. Zaren fim na wancan zamani da kansa yake kamawa da wuta, in ya kama kuma ruwa ba ya kashe shi. A ina aka ajiye su duk shekarun nan?"

"Jikin bututun hayaƙi."

Matar ta ce, "Gobe ina nan zuwa."

Ta zo da ƙaramar motar kaya. Doguwa ce, ba ta wuce arba'in ba, da tabarau rataye a wuya. A lambu ta buɗe gwangwanayen, sanye da farar safar hannu, tana warware zaren kaɗan tana ɗagawa sama. A na uku ta tsaya ta dubi Krina.

"Kin san me kike da shi?" in ji Hedda. "Irin waɗannan gajerun zanen na baƙi-da-fari, na kafin magana, cikin goma da wuya ɗaya ya tsira. Wasu sun ƙone, wasu an narkar don a cire azurfar jikinsu, wasu an ba yara sun yi wasa. Babu wanda ya ɗauke su da daraja, abin cike lokaci ne kafin mutane su gama zama. Sunan mahaifinki na taɓa gani sau ɗaya, a tallar wata tsohuwar jarida. Na ɗauka babu abin da ya rage."

Na tara bai warwaru ba. Ya manne, ya yi danƙo kamar zuma, gefensa ya fara zama gari ja. Hedda ta ce sai an bi shi a hankali, zai ɗauki watanni, kuma ba ta yi alkawarin za a samu duka ba.

Krina ta kawo kofi da burodin kirfa, suka zauna a bencin lambu. A nan ta faɗa mata komai, har zancen Roosje, abin da ko mijinta marigayi ba ta taɓa gaya wa dalla-dalla ba. Hedda ta saurara har ƙarshe.

"Bari in faɗa miki tun yanzu," ta ce. "Duk abin da na samu zan nuna miki, ba zan rage ba. Amma in ya zamana abin da ake faɗa ne, ba zan ƙone shi ba, ba kuma zan mayar miki ki ƙone ba. Irin waɗannan ma muna ajiyewa, da sunan wanda ya yi. In ba ki yarda ba, ki riƙe na taran, in tafi da takwas."

Krina ta dubi gwangwanin a kan ciyawa. Da sunan wanda ya yi. Ta tuna 'ya'yan Rinus da jikokinsa, duk Poppe ne. Kofinta ya huce a hannunta kafin ta ce, "Tafi da shi."

Rinus ya yi sati uku ba ya ɗaukar wayarta. Daga baya ya dawo cin abincin ranar Lahadi kamar da, suna hirar gwiwarsa da tsadar kifi, babu mai taɓo zancen. Bazara ta zo ta wuce. Duk ranar da Krina ta dawo daga aiki ta ga ambulan a ƙasan ƙofa sai ta fara duba sunan wanda ya aiko. Sau biyu ta ɗaga waya za ta ce wa Hedda ta fasa, ta mayar ta ajiye.

A tsakiyar Satumba Hedda ta kira ta ce an gama, an kwafe su a sabon zare, ta zo ranar Talata da safe.

"Ki faɗa min ta waya mana."

"Zan iya. Amma shekara arba'in kina jin 'an ce'. Kada nawa ya zama wani 'an ce' ɗin. Ki zo ki gani. Ki zo da kwanciyar hankali."

Wannan maganar ta ƙarshe Krina ta yi ta juyawa har Talata. Ta san yadda su ma a asibiti suke faɗa wa dangin mara lafiya haka, ko labarin mai daɗi ne ko akasin haka.

Ta iso tasha ƙarfe bakwai ta tarar da Rinus a kan benci, sanye da kwat ɗin da ya sa ranar jana'iza.

"Ba don komai na zo ba," ya ce. "Sau biyu ake canjin jirgi, ke kuma ko a garin nan ɓacewa kike."

Ɗakin da Hedda ta kai su ƙarami ne, da teburi mai faifai biyu da allo wanda bai fi tiren shayi ba. Ta ce a fara daga farko, bi da bi. Rinus ya ce a sa na taran kawai a huta. Krina ta ce a'a, daga farko. Tsoro ne ya sa ta faɗi haka, ta kuma sani.

Allon ya yi fari, ya yi ɗigo-ɗigo, sai ga hannu, hannun mutum na gaske, riƙe da alƙalami. Babban yatsan ba shi da farce. Krina ta ji Rinus ya ja numfashi, don hannun mahaifinsu ne, su biyun sun san ƙofar jirgin da ta cire wannan farcen. Hannun ya zana da'ira, ya sa mata ƙafafu, ya ɗora mata hular masinja da jaka, ya liƙa mata lofe a baki. Ƙaguwa ce. Ta ƙifta ido, ta cije alƙalamin, hannun ya janye da sauri.

'Yar Kaikaice, haka rubutun ya kira ta. Aikinta raba wasiƙu, amma da yake ba ta iya tafiya sai a kaikaice, duk ƙofar da ta nufa sai ta ƙare a ta maƙwabci. Wasiƙar soyayya ta faɗa hannun fasto. Takardar kiran soja ta je wa wata tsohuwa, tsohuwar ta ɗauki tsintsiya a kafaɗa ta fita tana fareti. Babu sauti sai ƙarar faifai. Rinus ya yi tari, irin tarin da ake ɓoye dariya da shi.

A fim na huɗu ƙaguwar ta shiga babban titi, sai Krina ta daina kallonta, ta koma kallon bayanta. Sandekerke ce, ta da, wadda wuta ta cinye tsakiyarta cikin yini ɗaya a watan Mayun 1940. Ga rumfar kasuwar kifi da ginshiƙanta shida, ga famfon da ke da kan zaki, ga gadar da ake ɗagawa. Kowane shago da allonsa, a rubuce tsaf, don shi ya rubuta na gasken.

Hedda ta tsayar da faifan. "Wannan nake so in tambaye ku. Hotunan titin nan guda biyar kawai aka sani, duk daga gefen coci aka ɗauka. Wannan ɓangaren babu shi a ko'ina. Ƙirƙira ya yi, ko haka yake?"

"Haka yake," in ji Rinus. "Ga mai aski nan. Kunnena ya taɓa yanka."

Krina ta kai yatsa kusa da allon. Shago na uku daga gada, mai rumfa mai ratsi, da bandir ɗin yadi a taga. "Van Os," ta karanta. "A saman nan suke kwana. Tagar hagu ita ce ta Roosje." Hedda ta rubuta a littafinta, ta tambayi yadda ake rubuta sunan, da sunayen sauran 'yan gidan. Krina ta lissafa su biyar, ta yi mamakin yadda babu wanda ta manta.

Sai aka zo na tara.

Hatimin mikiya ya fara fitowa, ya daɗe a allon. Krina ta damƙe jakarta. Gefen hoton ya ci, yana rawa kamar ana kallo ta cikin ruwa, amma ana gani. Gonar dankali ce. Ƙwari masu ratsi a baya suka sauko suna cin ganye. Ta san yadda a wancan lokaci ake zana Yahudawa a siffar ƙwari da ɓeraye. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin, tana duba fuskokinsu, tana neman hanci, ko gemu, ko hula, ko tauraron da ake liƙa musu a riga. Ƙwari ne kawai. Ƙafa shida, ƙaho biyu, ido kamar ɗigon tawada. Sai ga 'Yar Kaikaice ta shigo ta gefe, ta bi kunyoyin gonar ɗaya bayan ɗaya tana tsince su tana jefawa a kwalba, rabi suna faɗawa cikin hularta. Rubutu ya fito da harsuna biyu: yara su fita da malamansu kowace Laraba da rana su tsince ƙwaron dankali. Ƙaguwar ta toshe kwalba, ta sara, ta fice a kaikaice ta faɗa rami. Allon ya yi fari.

"Saura fa?" in ji Krina.

"Babu saura. Minti shida ne da 'yan daƙiƙu. Na bi shi hoto bayan hoto, sau biyu. Madam Poppe, na san irin fim ɗin da kike tsoro, akwai su a ma'ajiyarmu, na kalle su. Wannan ba ya cikinsu."

 Sai Krina ta ji kafaɗunta sun sauko, ta ji bayanta ya taɓa jikin kujera. Hawaye suka zubo mata ba tare da kuka ba, ta bar su. Hedda ta tashi ta buɗe taga, ta daɗe tana gyara labulen da ba ya bukatar gyara.

"Ƙwaron dankali," in ji Rinus a hankali. "Ni ma na tsinta. Da kwalbar madara. To me ya sa ba a taɓa nuna mana shi a makaranta ba?"

Hedda ta ɗauko wata takarda da ta samu a ƙasan gwangwanin, ta yi launin shayi. Kalma ɗaya ce ta Jamusanci da hatimi: an ƙi. Ba a faɗi dalili ba.

Rinus ya karanta, ya sake karantawa, sai dariya ta ƙwace masa, har ya riƙe gwiwa. "Wata biyar yana zane, wata huɗu a tsare, shekara arba'in ana zaginmu, ashe su Jamusawan ma ba su karɓa ba."

"Wataƙila da gangan ya ɓata musu," in ji Krina.

"Wannan ban sani ba," Hedda ta ce. "Ba zan kuma rubuta abin da ban sani ba. Wataƙila wani jami'i ne kawai ba ya son ƙaguwa."

Rinus ya share ido. Da dariyar ta lafa ya ce, "Amma dai ya yi musu aiki, Krina. Sun zo, ya ce to."

"Ya yi. Ba na musu. Wannan zan iya ɗauka."

Abin da ya hana shi faɗa, da abin da ya sa mahaifiyarsu ta ɓoye gwangwanayen maimakon ta nuna, ba su samu amsarsa ba. Rinus yana ganin kunya ce, don a shekarun nan ko gaisawa ka yi da Jamusawa ta ishe ka. Krina tana ganin ita ma mahaifiyar tasu ba ta taɓa sanin abin da ke ciki ba, tsoron buɗewa ta yi. Suka yi ta wannan a bakin tasha, a tsaye gaban mai kifi, kowa da ɗanyen kifinsa da albasa. Krina ta ci biyu, ta ce a ƙaro na uku. Rinus ya dube ta ya ce bai san yunwar shekara arba'in ake ramawa yau ba, da ya zo da kuɗi sosai.

A watan Nuwamba Hedda ta kawo majigi Sandekerke. Aka yi abin a zauren coci, ranar Asabar ƙarfe biyu na rana, aka turo tsofaffi daga gidan kula da su, wasu a keken guragu. Mai yi wa coci kiɗa ya zauna gaban piyano. Kafin a kashe fitila Krina ta miƙe ta ce fim tara za a nuna, na ƙarshen mahaifinta ya yi wa Jamusawa ne a 1942, kowa ya kalla da idonsa.  Aka nuna shi, da ya ƙare wani tsoho a baya ya ce, "Wannan ne?" 

Na babban titi ne ya hana a tashi. Tsofaffin suka yi ta kiran sunayen shaguna, Hedda tana rubutawa har alƙalaminta ya ƙare ta ari na fasto. Gardama ta ɓarke tsakanin wasu mata biyu kan ko mai gyaran agogo yana dama da kantin magani ko hagu, aka mayar da faifan baya sau uku, aka ga yana dama, wadda ta sha kaye ta ce Leunis ne ya yi kuskure. Ƙarfe biyar ta wuce, motar gidan tsofaffi tana ta hon a waje. Krina ta tattara kofuna ta kai kicin, ta naɗe hannun riga ta fara wankewa, tana jiyo Rinus a zaure yana rantsuwa cewa famfon nan kan zaki ne da shi, ba na kare ba.